Wa ya taɓa shiga daji neman naman kaza mai soso?

Ɗalibi a Jamus: Assalamu alaikum 'yan uwa. Asabar ɗin nan maƙwabcina Bajamushe ya ja ni daji neman Steinpilz, wanda masana ke kira Boletus edulis. Ƙarƙashin hularsa ba tsaga-tsaga irin na lemar kwaɗinmu, soso ne mai ƙananan ƙofofi, fari yana ɗanye, in ya tsufa ya koma kore-kore. Awa uku muna sunkuye, huɗu kacal muka samu, duk cikin gansakuka a gindin itatuwa masu ganyen allura. Dattijon bai ko kallon ƙasa, itace yake dubawa tukuna.

Maman yara, Italiya: Wa alaikumus salam ƙanena. Dattijon ya san kan abin. Nan porcini ake ce masa, kuma ba ya rayuwa sai da itace: siraran zarensa da ke cikin ƙasa na naɗe da saiwar itacen, yana kai mata ruwa da sinadaran ƙasa, ita tana ba shi sukari. Shi ya sa har yau ba a iya noma shi ba, tsadarsa kuwa sai wanda ya gani. Mu da izini ake fita, ba a wuce kilo 3 a rana, kuma a kwando ake zubawa, ban da leda, don irinsa ya riƙa zuba a hanya.

Direba a Faransa: Ni dai na sha kunya. Na tsinko mai kama da shi, sosonsa ya ɗan yi ruwan hoda, na jefa a miya. Ɗaci kamar maɗaci, tukunya guda muka zubar! Yanzu sai na nuna wa mai kantin magani tukuna, ya duba min ko na ci ne.

Maman yara: Allah ya tsare, Malam, da ɗaci kawai ka gamu. Ka fita kamar kwana 10 bayan ruwan Satumba, da sassafe, kafin tsutsa ta riga ka.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Kaduna: Yarana, danginsa na nan gida. Cikin damina na sha ganin masu soso a gindin doka da kawo, wasu ana yanka su sai su rikiɗe shuɗi. Ban taɓa kai ko ɗaya baki ba. Inda aka sare dokar aka yi gawayi kuwa, na koma damina biyu ban ga ko guda ba.