Na saita sikirin-seba amma fuskar kwamfuta baƙi kawai take yi

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu, kwamfutar tebur ce mai Windows 10, fuskarta tana kallon masu shigowa. So nake idan ba a aiki sunan shagon ya riƙa juyawa a kai. A sikirin-seba, wato abin da ke motsi a fuska idan an bar kwamfuta ba aiki, na zaɓi 3D Text, na sa minti 15, amma sai fuskar ta mutu ɗif, rubutun bai taɓa fitowa ba. Sannan wani ya ce in sauko da na kifaye masu iyo daga intanet, wai yana rage cin wuta a kan inbata. Ku taimaka da shawara.

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. Nura, agogo biyu ne suke tsere a kwamfutarka. Ɗaya na sikirin-seba, ɗaya na kashe fuska. Na biyun yawanci a kan minti 10 Windows take barinsa idan kwamfuta tana jone da wuta, kai kuma ka sa naka 15, don haka kafin lokacinsa ya yi an riga an kashe fitilar. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta control desk.cpl,,@screensaver, waƙafi biyu a jere, ka danna Enter. A gurbin Wait ka sa minti 3. Can ƙasan akwatin akwai Change power settings, ka shiga ka mayar da kashe fuska minti 30, barcin kwamfuta kuma ya fi haka tsawo. Idan akwai takardun mutane a ciki, ka sa alama a On resume, display logon screen, sai an sa kalmar sirri za ta buɗe.

Zainab: Ƙari a kan na Malam. Ka danna Settings na 3D Text ɗin, nan kwalliyar take. Gurbin rubutu haruffa 20 kawai yake ɗauka har da sarari, sai ka gajarta sunan. A salon juyawa, Tumble da Spin suna wulwula rubutun har ya juya baya, mai wucewa ba zai iya karantawa ba. See-saw ko Wobble sun fi dacewa da talla, domin fuskar rubutun ba ta ɓacewa, rangaji kawai yake yi. Ka ja saurin juyawa ƙasa. Reflection yana sa haruffa su yi ƙyalli kamar sabon kwanon silba, sai dai a shago mai hasken rana Solid Color da launin ɗorawa ya fi fitowa daga nesa. Idan sunan yana da ƙ ko ɗ suka fito kamar ɗan akwati, font ɗin ne ba shi da su, ka canza wani. Kuma idan ka ga motsin yana sarƙewa, rage Resolution, tsofaffin kwamfutoci ba sa jure na sama.

Injiniya Kabiru: Maganar rage cin wuta ba haka take ba, kada ka dogara da ita. An ƙirƙiro sikirin-seba ne saboda tsofaffin fuskoki masu ƙeya, irin na talabijin ɗin da. Hoto ɗaya idan ya daɗe a kansu yakan ƙona sinadarin da ke haskawa, inuwarsa ta zauna har abada. Fuskar LCD fitila ce a bayanta, tana kunne ko kifi ne ke iyo ko baƙi ne zalla. Mai motsi ma ƙara wa na'urar sarrafa hoto ta cikin kwamfuta aiki yake, fanka ta tashi. Ranar da kake kan batir, kashe fuska bayan minti 5 shi ne tattalin. Talla ka bar shi sai an kawo wuta.

Malam Auwal: Na kifayen nan kuwa ka yi hattara. Fayil ɗin sikirin-seba, mai ƙarewa da .scr, manhaja ce cikakkiya kamar .exe, duk abin da aka ɓoye a ciki yana tashi da zarar ka buɗe, shi ya sa masu yaɗa bairos suke son sa. In kifi kake so, tara hotunansu a folda ɗaya, ka zaɓi Photos, ka nuna masa foldar ta Browse, ka sa gudun a Slow. Har hotunan katunan biki da ka buga za ka iya zubawa a ciki. Ribbons da Mystify ma suna nan, zaren launi masu yawo a kan baƙi.

Zainab: Idan ka gyara lokacin amma bai fito ba, duba linzami. Mai jan haske idan yana kan gilashi ko tebur mai sheƙi yakan yi ɗan rawa shi kaɗai, kwamfuta ta ɗauka ana aiki, ƙidayar ta koma farko. Cire shi ka jira minti 3 ka gani. Bidiyon da aka bari yana tafiya a burauza shi ma yana hanawa. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta powercfg /requests, abin da ya fito ƙarƙashin DISPLAY shi ne ya riƙe fuskar.

Nura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Minti 10 ɗin nan ne, na gyara, ga sunan yana rangaji. Saura in rage harafi biyu, ƙarshensa ya yanke.