Yaya zan sa ɗalibaina su tattauna batun bindiga ba tare da hayaniya ba?

Malamar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a jihar Ohayo ta Amurka, kuma a wannan zangon mun zo kan gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda tun 1791 ya ba jama'a 'yancin riƙe makamai. Ajin nawa ya rabu biyu: akwai 'ya'yan gidajen da ke fita farautar barewa duk shekara, akwai kuma waɗanda harbe-harben unguwa suka raba su da 'yan'uwansu. Da an ɗauko maganar sai kowa ya ja daga. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara da tambayar a hana ko a bari, domin amsarta kowane yaro daga gida yake zuwa da ita. Ki fara da alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, waɗanda suka nuna cewa a 2021 bindiga ta yi ajalin mutum fiye da 48,000, kuma sama da rabinsu kashe kansu suka yi. Yara da yawa ba su san haka ba, saboda abin da ke zukatansu shi ne harin bindiga da aka kai makaranta a garin Parkland a 2018 da na makarantar garin Uvalde a 2022. Idan suka ga matsalar ba guda ɗaya ba ce, sai ki ba kowane rukuni tambaya ƙarama, kamar ajiye bindiga a kulle a gida, ko binciken tarihin mai saye.

Ɗalibin Shari'a:
Malam ya yi gaskiya, sai dai alƙaluma kaɗai ba sa kashe gardamar da tushenta 'yanci ne. Ki karanta musu hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Heller ta 2008, inda ta ce mutum yana da haƙƙin ajiye bindiga don kare kansa, amma ta ƙara da cewa haƙƙin yana da iyaka. Kowane ɓangare zai tsinci abin da bai yi masa daɗi ba. Sannan ki kafa doka: ba mai mayar da martani sai ya maimaita hujjar abokin hamayyarsa har mai ita ya ce lalle haka yake nufi.

Uwar Yara:
Malama, don Allah ki sanar da su kwanaki kafin ranar, ki kuma ba wanda aka yi wa rashi damar yin shiru ko fita zuwa ofishin mai ba da shawara. Kada a mayar da makokin yaro hujjar muhawara.