Neman kalma: "brochure" da Hausa, kafin ranar Alhamis

Sakatariyar Unguwa:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Buƙata ce ta gaggawa ta kawo ni. Ni ce sakatariyar ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwarmu a nan Kano. Abin da muke yi shi ne yashe magudanan ruwa kafin damina, share maƙabarta, da biya wa marayu kuɗin jarrabawa. Ranar Asabar muna da taron shekara, mai unguwa da limamai duk za su zo, shi ne muka ce bana a buga abin nan da Turawa ke kira brochure a raba wa jama'a. Falle ɗaya ne na A4, bugu gaba da baya, a ninke shi gida uku. A fuska akwai sunan ƙungiya da hoton samarinmu cikin kwata da shebur, a ciki tarihinmu da ayyuka da yadda ake shiga, a baya kuma inda za a same mu.

Wuri uku nake buƙatar sunansa: sanarwar da za mu kai gidan rediyo, ajandar taro, da layin ƙarshe na baya inda na rubuta "Wannan ...... ba na sayarwa ba ne." Ko "na" zan sa ko "ta", sai na san sunan tukuna. Mai bugu ya ce in kai masa aikin Alhamis da safe in har ina son in karɓi kwafi 500 ranar Juma'a. Don Allah a taimaka.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙasida. "Wannan ƙasida kyauta ce, ba ta sayarwa ba ce." Shi ke nan.

Maman Ɗalibai:
Ni ma ita ta fara zo mini, amma akwai inda take min ƙaiƙayi. A yau in aka ce ƙasida, yawancin mutane abin da suke ji shi ne wadda malami ke gabatarwa a taron ƙara wa juna sani. In aka ce a rediyo "za a raba ƙasida a wurin taro", wasu za su zaci lacca ce za a yi. Me zai hana a ce takardar bayani?

Ɗan Fagge:
Anti, ai takardar da ke cikin kwalin magani ma takardar bayani ce. Ta yi faɗi da yawa.

Na Maɗaba'a:
Mu a shago "burosha" muke cewa, kamar yadda muke cewa fasta da filaya da sitika. In falle ɗaya ne ba ninki, filaya ce. In an ninke, burosha. In an haɗa falle da yawa an danna musu ƙusa a tsakiya, ɗan littafi. Ban ce ki rubuta haka a takardar ba, amma in kin je wurin mai bugu haka za ki ce masa ya gane nan take.

Tunda Alhamis ce, bari in ba ki abin da ya fi sunan gaggawa. Tsawon A4 milimita 297 ne. Kada ki raba shi uku daidai wa daida. Gidan da zai shige ciki ki rage masa kaɗan, ki yi 100, 100, 97, in ba haka ba in an ninke bakinsa zai tokare ya tanƙware. In hoton samarin nan zai cika fuska har baki, a bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka. Kuma kada ki kai hoton da ya zagaya ta WhatsApp, ya riga ya raunana, a waya zai yi kyau amma a takarda zai fito dishi-dishi. Ki karɓo na asali daga wayar wanda ya ɗauka.

Malam Mai Nahawu:
Ni dai raina yana ɓaci duk lokacin da na ji irin su "burosha". Wato mun ɗauki kalmar wasu mun karya mata wuya mun ce ta zama tamu. Harshen da miliyoyin mutane ke kwana da shi suna tashi da shi, a ce ba zai iya raɗa wa fallen takarda suna ba?

Ga shawarata: NINKAU. Daga "ninke". Abin da ya bambanta wannan takarda da sauran takardu shi ne ninkin nan, to a kira ta da halinta. Hausa tana da wannan ɗafi na -au tun fil azal, muna da mantau, muna da makarau, muna da fiddau. Gajeriyar kalma ce, gaɓa biyu, tana da daɗin faɗi, namiji ce: "Wannan ninkau ba na sayarwa ba ne." Na daɗe ina amfani da ita a aji, ɗalibaina sun saba da ita. Ƙanwata, ki sa ta a takardar nan. Da haka kalmomi ke samun gindin zama, wani ne yake farawa.

Maman Ɗalibai:
Allah ya gafarta Malam, ginin kalmar ba shi da laifi. Sai dai in ka duba misalan da ka kawo, mantau da makarau halin mutum suke nunawa, kuma halin da ba a so. Fiddau ma abin da aka tsame aka ajiye gefe ne. Ga kuma sanƙarau. Kunnen Bahaushe ya saba jin wannan ɗafi a wurin aibu ko ciwo. Ina tsoron tsohuwa ta ji "za a raba ninkau" ta rasa ko mene ne.

Basakkwace:
Kuma mu a wajenmu "linke" muke cewa. Ke nan namu linkau ne? In za a ƙirƙiro wa Hausa duka kalma, a daina ɗaukar bakin Kano kaɗai a matsayin ma'auni.

Malam Mai Nahawu:
Daidaitacciyar Hausa ba ni na zaɓe ta ba, kuma da ita ake rubutu daga Sakkwato har Bauci. Game da batun Malama kuwa, ba doka ba ce cewa duk kalma mai -au sai ta zama aibu. Mu ne za mu faɗaɗa ta. Ita ƙasidar da kuke riƙewa, ai Balarabiya ce. Asalinta doguwar waƙa ce, irin ta yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Mene ne haɗin waƙa da takardar yashe kwata?

Baba na Tudun Wada:
Malam, ka yi haƙuri in sa baki a matsayin wanda ya girme ku duka. In aro laifi ne, to mu fara da takardar kanta, domin daga Buzaye muka karɓi kalmar "takarda". Littafi da alƙalami daga Larabci. Jaridar da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kwabon da ke cikin sunanta daga Turanci ya zo, kuma ban taɓa jin wanda ya ce sunan ba Hausa ba ne. Kalma in ta daɗe a gida ta auri nahawunmu, ta haifi jam'i, ta zama 'yar gida. Ƙasida tana da ƙasidu. Ninkau fa, mene ne jam'insa?

Sannan ma'anar da kake cewa ƙasida ba ta da ita, ta same ta tun kafin a haifi yawancinku. A shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar NORLA, wato hukumar adabi ta Jihar Arewa, tana buga 'yan ƙananan littattafai a kan tsabta da noma da kiwon lafiya domin manyan da suka fara koyon boko. Mahaifina yana da su cikin adaka, wasu duk bangonsu ya yi ja saboda tsufa, kuma ni ƙasidu na tashi na ji ana ce musu a gidanmu. Abin da 'yar nan take son bugawa jikansu ne, takarda ce 'yar ƙarama mai faɗakar da jama'a. 'Yan jami'a ne suka zo daga baya suka ja kalmar zuwa ɗakin taro, ga su kuma da maƙala a hannu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga ƴan uwa. Mu nan Nijar irin wannan mai ninki "dépliant" ake ce mata da Faransanci, wato abin da ake warewa. Ita kanta "brochure" kalmar Faransanci ce Ingilishi ya ara, daga aikatau mai ma'anar ɗinkewa, saboda asalinta ƴan shafuka ne da ake ɗinkewa da zare. Ke nan takardar Hajiya da babu ɗinki a jikinta, ko a Turancin ma sunan aro take amsawa. Tunanin Malam na kiran abu da ninkinsa bai kauce ba, haka Faransawa suka yi. Amma "burosha" ba za ta tsallako iyaka ba, a Maraɗi ko Damagaram babu mai gane ta. Ƙasida kuwa duk wanda ya yi makarantar allo ya taɓa jin ta.

Malam Mai Nahawu:
Na gode ɗan uwa. Kun ji dai. Faransawa sun yi, an ce wayewa. Bahaushe ya yi, an ce tsohuwa ba za ta gane ba. Baba, jam'in ninkau ai amfani ne zai fitar da shi. Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 aikinta ke nan, zama a tantance kalmomi. Yau ga cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero. In kowa ya ce sai kalmar da aka riga aka sani, to yaushe za a samu sabuwa?

Injiniya:
Ni fa ina ganin ana wahalar da kai. Hajiya, in kuna son shugaban ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin ba da tallafi su ɗauke ku da daraja, ku buga abin da Turanci kawai. Takardar Hausa a ofis ƙarƙashin fayil take ƙarewa.

Sakatariyar Unguwa:
Yaya Injiniya, ba don ofis muke bugawa ba. Matan da ke ba mu naira ɗari biyu-biyu duk wata, da masu shagon bakin titi da ke ba mu aron baro ranar yasa, su muke so su karanta su ga inda kuɗinsu ya tafi. Akwai wata baiwar Allah mai ƙosai a layinmu, ba ta taɓa fashin biya ba, jikarta ce ke karanta mata duk takardar da ta shigo gidan. In na kai mata Turanci me na ce mata ke nan? Wasiƙar ofis daban, za mu rubuta ta da Turanci in lokacinta ya yi.

Malam Mai Nahawu:
Allah ya yi miki albarka. Wannan ita ce cutar da ke damunmu, Injiniya. Mutum ya ga harshen uwarsa a takarda sai ya ji kamar an rage wa takardar daraja.

Injiniya:
Malam, ni ban raina Hausa ba, da ita nake magana da 'ya'yana. Abin da na gani a ofisoshi na faɗa.

'Yar Rediyo:
A dawo kan buƙatar Hajiya, lokaci yana tafiya. Ni aikina ke nan, karanta sanarwa. Mai sauraro sau ɗaya yake jin kalma, ba ya komawa baya ya duba. In na ce "ninkau" dole in tsaya in yi bayani, kuma sanarwa kuɗi ake biya a kan tsawonta. In na ce "ƙasida" kaɗai, maganar Maman Ɗalibai tana nan. Amma aikatau yana warware ta. Ƙasidar malami gabatar da ita ake yi, wannan kuwa rabawa ake yi. Ki rubuta: "Za a raba 'yar ƙasida mai bayanin ayyukan ƙungiya kyauta." Wannan "'yar" ɗin ta kashe zancen lacca.

Ɗan Fagge:
Madalla. In kuma ana son a bambanta ta da mai ƙusa, a ce ƙasida mai ninki uku.

Na Maɗaba'a:
Ninki biyu ne fa, gida uku, fuska shida. Ɗauki takarda ka gwada. Kuma "ninki uku" a Hausa yana nufin an riɓanya abu sau uku, kada wani ya buga mata 1,500. A ce mai gida uku.

Hajiya, abu na ƙarshe kuma shi ya fi ci min rai. Haruffa masu ƙugiya. Yawancinmu da manhajar kwamfuta ta CorelDraw muke aiki, kuma ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba. Na taɓa ganin aikin wata ƙungiya da aka buga a wani shago, duk inda ƙ take sai ɗan akwati ya fito. Da suka koma, maimakon yaron shagon ya sauya salon rubutun, sai ya bi ya cire ƙugiyoyin duka. Inda suka rubuta "mun haƙa rijiya" ya koma "mun haka rijiya". Ki kai aikin a PDF, ki ce a fitar miki da gwaji ɗaya, ki ninke shi da hannunki, ki karanta kowane layi a tsaye a shagon kafin injin ya tashi.

Sakatariyar Unguwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira shugabar ƙungiya mun yi magana. A rediyo za mu bi lafazin 'Yar Rediyo. A ajanda na sa "Rabon ƙasidar ƙungiya". A baya kuma: "Wannan ƙasida kyauta ce, ba ta sayarwa ba ce." Na gyara faɗin gidajen zuwa 100, 100, 97, kuma na aika a karɓo hoton asali. Malam, ka gafarce ni, na karanta wa mata uku na kwamiti "ninkau", biyu sun tambaye ni ko wani abinci ne. Ba zan iya gwaji da kuɗin marayu ba.

Malam Mai Nahawu:
Babu komai ƙanwata, aikinku ne, kuma Allah ya ba da lada. Amma ban janye ba. Ƙasida ta ɗauki waƙa, ta ɗauki lacca, ta ɗauki ɗan littafi, yanzu kun ɗora mata takarda mai ninki. Ranar da mai fassara zai haɗu da brochure da pamphlet da leaflet a jimla ɗaya, zai dawo nan yana nema. Ni a ajina ninkau zan ci gaba da cewa.

Basakkwace:
Mu kuma linkau.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, in an buga a ɗauki hotonta a sa mana nan. Akwai ƙungiyar matan unguwarmu da ke son yin irinta, sai dai mu da ƴ za mu rubuta ƴan uwa, ko bayan taron daidaita rubutu na Yamai a 1980 wannan harafin bai zama ɗaya tsakaninmu ba. Na Maɗaba'a, wane salon rubutu ne ka san yana da ita?