Tallafin Manoma Lokacin Matsin Tattalin Arziki: Abin da Aka Tattauna

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda gwamnati za ta tallafa wa manoma lokacin matsin tattalin arziki ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa idan aljihun gwamnati ya rame, kada a fara yanka daga kason noma, domin damina ba ta jiran kowa. An tuna alƙawarin da aka ɗauka a Maputo, babban birnin Mozambik, a 2003, inda ƙasashen Afirka suka amince su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafinsu. Kaɗan ne suka cika.

2. Rangwamen taki ya raba kawuna. Wasu sun kafa hujja da Malawi, wadda ta fara rabon takardun rangwame a 2005, masara kuma ta ƙaru. Wasu suka ce shirin ya lashe kaso mai tsoka na kuɗin ma'aikatar noma, kuma a irin wannan rabo buhuna kan ɓulla kasuwa a hannun 'yan baranda. Nan ne abin ya fi damuna: ƙaramin manomi ya bi layi tun asuba, ya koma gida hannu rabbana, ko takin ya iso bayan shuka ta yi kara.

3. Masu adawa da rangwamen sun fi son hanyoyin karkara, rumbunan ajiya, noman rani da malaman gona.

4. Bashi: an yarda, muddin sai bayan girbi za a biya.

5. Shigo da abinci daga waje, ba a daidaita ba. Mai saye zai samu sauƙi, amma farashi zai karye wa manomin da ya sayi taki da tsada. Wasu sun ba da shawarar gwamnati ta sanar da farashin da za ta sayi hatsi tun kafin girbi, kamar yadda Indiya ke yi wa shinkafa da alkama.