Bee Thousand: kundin da ake rainawa saboda shuuu ɗin kaset

Mai Jita: Jama'a, masu cewa wannan kundi na ƙungiyar mawaƙa ta Guided by Voices ƙazamin aiki ne ba su saurare shi yadda ya kamata ba. A 1994 ya fito, waƙa 20 cikin minti 36 kacal, wasu ko minti ɗaya ba su cika ba. A lokacin jagoransu Robert Pollard malamin firamare ne a Dayton ta jihar Ohio a Amurka, kuma a gida suka naɗi yawancinsa. Ku kawo abin da kuka lura da shi.

Baban Kaset: Malam, tushen maganar na'urar da suka naɗi kundin da ita ce. Rikoda mai layi huɗu tana cinye faɗin zaren kaset gaba ɗaya ta fuska guda, babu juyawa. In layukan sun cika, sai a tattara uku a juye su kan na huɗu don a samu gurbin murya. Duk juyi ɗaya, shuuu ɗin yana ƙaruwa, siririn sautin farantan ƙarfe na jikin ganga yana dusashewa, kuma gangar da aka riga aka haɗe da bes (jita mai kaurin sauti) ba ta sake rabuwa. Abin da ya shige ya shige. Shi ya sa gangar take fitowa kamar ana dukan kwali.

Yar Amshi: Gaskiyarka, Baba. Ƙari a kai: kada a ji shi ta lasifikar waya. Igiyar bes mafi kauri tana wajen 41 Hz, wato sauti na can ƙasa, ƙaramar lasifika ba ta isa can ba, sai a ji waƙar ta zama fayau. A sa hedfon, a kashe shuffle, wato maɓallin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi. Waƙoƙin a manne suke, wata na yankewa wata na faɗowa, in an hargitsa jerin an kashe rabin daɗin.

Mai Jita: Ai a waƙar farko ma jita tana ɗaukewa ana tsaka da kiɗa, sannan ta dawo. Ba hedfon ɗinka ne ya lalace ba, haka suka bar ta.

Baban Kaset: Abu ɗaya dai, kada a rage sautin sama a ikwalaiza (wurin daidaita sauti) wai don a kore shuuu. Tare da shi hasken muryar zai tafi. A bar shi a miƙe, kunne kan saba kafin waƙa ta uku.

Yar Amshi: Ji na farko kam hayaniya ce. A maimaita sau uku a ranaku daban, sai amshin ya fara bin mutum har wurin wanka.