Muhawara: Tausayin da ake yi a zaune, tausayi ne?

Autan Gida: Salamu alaikum. Hutun nan na je Dharamsala a Indiya, inda Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na mutanen Tibet, ke zaune bayan ya tsero daga Tibet a 1959. Wani dattijon lama, wato malaminsu na addini, ya yi mini bayanin ibadarsu ta tantra. Mutum zai zauna ya siffanta kansa a zuci a matsayin Chenrezig, wanda a wurinsu shi ne tausayi tsantsa, yana maimaita kalmomin addu'arsu, Om mani padme hum. Ba a farawa sai malami ya ba da izini. Akwai kuma tonglen: in ka ja numfashi ka ƙudurta kana ɗauke wa wani wahalarsa, in ka saki kana miƙa masa sauƙinka. Ni dai na ce wannan ma tausayi ne.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Auta, ban yarda ba. Shekara 14 ina aikin dare a ɗakin yara. In uwa ta shigo da ɗa yana jijjiga, allura take nema da hannun da zai riƙe shi. Numfashin wani a kan dutse me zai yi mata?

Kawu: Auta, ka kula da aƙidarka. Siffanta kai da abin bauta ba namu ba ne, kuma ba wasa ba ne.

Autan Gida: Na ji, Kawu. Ban yi ba, ba kuma zan yi ba. Fahimta nake nema.

Yaya Babba: Gyara kaɗan, ƙanena. Tonglen ba tantra ba ce a asali, tarbiyyar zuciya ce da ake dangantawa da Atisha, wani malamin addinin Buddha da ya shiga Tibet daga Indiya a 1042. Anti, me za ki ce kan Tenzin Palmo? Baturiyar Ingila ce, ta yi shekara 12 tana ibadar Buddha a kogo a Lahaul, a arewacin Indiya, 1976 zuwa 1988. Bayan ta fito ta kafa gidan karatu na mata masu ibada, waɗanda a da ba a ba su ilimi kamar maza.

Anti Nas: Gidan karatun na yaba. Shekara 12 ɗin fa, wa ya amfana?

Autan Gida: Anti, su cewa suke guga ba ya ɗebo ruwa a busasshiyar rijiya. Matthieu Ricard, ɗan Faransa mai ibadar Buddha, ya yi aiki da mai bincike Tania Singer kan ƙwaƙwalwa. Sun bambanta abu biyu: jin zafin wani a jikinka, wanda ke gajiyar da mutum har ya gudu, da kuma so masa sauƙi, wanda ke ƙara ƙarfin tsayawa. Ƙungiyarsa, Karuna-Shechen, tana aikin lafiya da ilimi a Nepal da Indiya.

Anti Nas: Nan ka taɓa ni. Akwai shekarar da muka rasa yara uku a mako guda. Daga nan zuciyata ta bushe. Hannuna na aiki daidai, amma ina daka wa iyaye tsawa, na daina kallon fuskokinsu. Har yau ina tuna wata uwa da na kora waje tana kuka. Sai da na koma tashin dare ina ambaton marasa lafiyana ɗaya bayan ɗaya a sujada kafin na dawo daidai.

Kawu: Allah ya saka miki, 'yata. Kin ga muna da namu.

Yaya Babba: Ke nan kin yarda da Auta?

Anti Nas: Rabi. Zaman yana gyara mai zaman, wannan na gani a kaina. Amma yaron ba ya samun komai sai na tashi daga sallaya na koma ɗakin. Auta, in ka sake zuwa, ka tambayar mini dattijon nan: wanda ya mutu a kogo bai fito ba, me suke cewa a kansa?