Tafiya cikin dusar ƙanƙara a Lötschental: ɗan jagora ko mu bi alama?

Ɗan_Gwale: Salamu alaikum. 'Yan ajinmu a Bern za su kwarin Lötschental na ƙasar Switzerland a watan Fabrairu, tafiyar ƙafa da faffaɗan takalmin nan da ake ɗaurawa don kada a nutse. Daga ƙauyen Wiler za mu hau motar igiya zuwa Lauchernalp a kan dutse. Gwiwata ba ta da ƙwari. Mu yi karo-karo mu ɗauki ɗan jagora, ko alamomin hanya sun isa?

Maman_Ilham: Ka ninka safa, ɗana.

Bazazzagi: Fabrairu ka ce? Lokacin Tschäggättä ke nan, masu shigar dodo na kwarin, daga 3 ga wata har ƙarshen bikinsu na kafin azumin Kirista. Ni a ƙauyen Kippel suka ritsa ni bayan magariba. Ƙarar ƙararrawar shanu na fara ji, sai ga ƙato sanye da fatar akuya, fuskar katako, haƙoran dabba cako-cako. Ya damƙo ni ya goga min ƙanƙara a fuska. Garin gudu na zame, wuyan hannu ya goce. Kamfanin inshora ya yi ta min yawo da hankali, mai shagon haya kuma ya ci ni tarar sandar da ta karye. Mutanen gari? Dariya suke.

Aunty_Jeniba: Wasa ne fa. Tatsuniyarsu ta ce ɓarayi ne da ke zaune a ɓangaren kwarin da rana ba ta haskawa, suna ɓad da kama su yi sata.

Sarkin_Zolaya: Malam ya tsallake tashen Zariya lafiya, dodon Turawa ya kayar da shi!

Ɗan_Gwale: Allah ya ƙara sauƙi, yaya. Hayar takalmin nawa?

Bazazzagi: Faran 25, kuɗin Switzerland.

Maman_Ilham: 15 na biya.

Injiniya_Z: Ku bar zancen dodo. Hanyoyin tafiya da takalmin alamarsu ruwan hoda ce, kada ku kauce. Ku duba sanarwar zaftarewar ƙanƙara, matakan haɗari 5 gare ta. Kuma zaftarewar ƙanƙara da duwatsu ta binne ƙauyen Blatten da ke kwarin tun Mayun 2025, tsohuwar taswira ba ta da amfani.

Bazazzagi: Ka taɓa zuwa?

Injiniya_Z: Ba sai na karye ba sannan in yi magana.

Maman_Ilham: Ni abincin bukkokin dutsen ne matsalata. Narkakken cukunsu da giya ake haɗawa, miyar sha'ir kuma sai ka tsinci naman alade. Burodi da shayi na wuni.

Aunty_Jeniba: Shayin ma nawa suka sayar miki?